Dutsen da ke Ƙarƙashin Daɓen Hansai

Yamai, 14 ga Oktoba, 1991

Zuwa ga bawana Kalilu magini, a Akokan, gefen Arlit.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Hansai da yara, da tsohuwarmu Inna Gaji can cikin Arlit. Ni lafiya lau nake, sai ciwon baya na zaman kujera, wanda na san za ka ce ba ciwo ba ne tunda ba tubali na ɗauka ba. Na ji kasuwar uraniyom ta sake faɗuwa, kamfani na ta rage ma'aikata. Allah Ya sa ba a hango kunnuwan nan naka daga nesa an fara da kai ba. Kada ka ɓata rai da kalmar bawa. Kakana ne wa, kakarka ce ƙanwa, ba ni na tsara taubasantaka ba, tarar da ita na yi.

Maganar ɗakin nan namu mai kubba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna bayan farin tamanin da huɗu, lokacin da azara ɗaya ta fi ƙarfin mai albashi, na zo maka da takarda na ce za mu rufe ɗaki da tubalin laka zalla, ba itace ko sanda ɗaya. Ka yi mini dariya har hularka ta faɗi. Ga shi shekara shida kubba ba ta tsage ba. Ni na sami digirin dokta a kanta, kai ka sami ɗakin da ake shiga da rana tsaka a manta ana Akokan. Littafin da na rubuta kan irin wannan gini da lafiyar masu zama a ciki yana hannun masu bugawa, hoton ɗakinka ne a bangonsa. A watan Yuni mai zuwa kwamitin jami'a zai zauna kan ƙarin matsayina, littafin ne madogarata.

To, ka tuna ƙananan gwangwanayen da na rataya a ɗakuna da bazara, waɗanda Hansai ta ce sun yi kama da na tumatir? Illi direba ya dawo mini da su bayan wata uku, na aika an auna. Wata iska suke kamawa da ke fitowa daga wasu duwatsu, Turawa na ce mata radon. Ba ta da wari, ba ta da launi, amma in ta taru a rufaffen ɗaki ba ta yi wa huhu kirki. Na ɗakinka ya fi na kowa yawa, kamar dai yadda kunnuwanka suka fi na kowa. Ko numfashinka ne ya lalata mini awo, oho.

Ka gaya mini, me ka zuba a ƙarƙashin daɓen? Kuma ka ɗan fitar da Hansai da yara su riƙa kwana a tsakar gida, ka duba ƙofofin shan iskar nan huɗu na sama ko a buɗe suke. Kai kam kana iya zama ciki, ba asara za a yi ba.

Ka gaida kowa da kowa.

Uwargijiyarka,
Mina

*

Akokan, 2 ga Disamba, 1991

Zuwa ga baiwata Mina, wadda ake ce wa Dokta a Yamai.

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso a hannun Illi tana warin man gazuwal. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Inna Gaji ƙafa ce ta matsa mata. Hansai na ɗan tari irin na shigowar sanyi, tana shan jiƙo. Batun aiki kuwa bakinki ya riga ya kama ni, tun watan bakwai aka sallame mu, mu ɗari da wani abu. Katin asibiti ya tafi tare da aikin. Garin ya yi shiru, rabin layinmu sun kwashe sun koma Maradi da Tawa, hanyar Agadas kuma ana ta maganar 'yan tawaye.

Tabɗi! Wannan karon kin yi ƙoƙari, na ba ki. Iskar da ba a gani, ba a jin warinta, sai gwangwanin tumatir ke kama ta! Wallahi a wurin shan shayi na karanta wa jama'a, sai da wani ya ƙware don dariya. Kin ɗauka na manta bara waccan, da kika rubuto cewa Turawa za su zo su rataya mini lambar yabo? Na ari babbar riga, na yini a tashar Arlit tun hantsi har la'asar, ƙuda na bina. Ke ma ba ki manta ƙunshin dabinon da na aiko miki ba, wanda kika kwance gaban abokan aikinki kika tarar da kashin raƙumi. Yanzu so kike in shimfiɗa iyalina a tsakar gida cikin wannan sanyi, a ce Kalilu ya gina ɗaki ya kasa kwana a ciki. Ba ki same ni ba, yarinya.

Amma tunda kin tambayi abin da ke ƙarƙashin daɓe, bari in faɗa miki, don na daɗe ina jiran ki tambaya ki yi godiya. Takardarki cewa ta yi a cika da yashi da tsakuwar kwari. Yashi! Irin cikon da ake yi wa ɗakin awaki. Ni kuwa na ce ɗakin da 'yar uwata za ta kai wa manyan malamai ba zai zauna kan yashi ba. Wani abokina mai kamiyo, babbar motar kaya, ya juye mini lodi biyu na dutsen nan toka-toka da ake fitarwa daga ramin kamfani a tara bayan gari. Nan garin duk wanda ya san gini ya san ba ciko kamarsa. Ba ya nitsewa, gara ba ta ratsa shi, in ka daɓe shi sai ka ce siminti. Har gwiwa na zuba, na bi da laka. Shi ya riƙe miki kubbar da kike taƙama da ita, ba lissafinki ba.

Ƙofofin shan iska kuwa, Hansai ta toshe su da tsumma tun shekarar farko, daga baya na bi da laka na shafe. Ke kwana huɗu kika yi a ɗakin kika tafi. Ba ki taɓa cin tuwo da rairayi na zubo miki daga sama ba.

Yanzu da wannan ginin nake ci da iyali. Ɗaki ashirin da biyu na yi wa mutane bayan naki, kowanne da kubbarsa, kowanne da dutsensa a ƙasa, akwai uku kuma suna jira. Kina can kina cin suna da zanen takarda, ni ina nan ina cin tuwo da laka, kowa ya riƙe nasa. Ki nemo wata ƙaryar da ta fi wannan, ina saurare.

Ubangidanki,
Kalilu

*

Yamai, 9 ga Janairu, 1992

Yaya Kalilu,

Assalamu alaikum. Ina gaida Hansai da jiki, ina gaida yara da Inna Gaji. Ka dubi yadda na kira ka a sama. Tunda muke ban taɓa ce maka Yaya ba. Na ajiye wasa, na rantse da Allah wanda raina ke hannunSa babu wasa ko ɗaya cikin wannan takarda.

Na karanta taka. Dutsen rami, Kalilu? Har gwiwa? Dutsen da aka haƙo daga inda uraniyom yake, shi ka shimfiɗa wa matarka da 'ya'yanka, ka kuma liƙe ƙofofin da za su fitar da abin da yake fitarwa? Wa ya sa ka? Na rubuta yashi, na ja layi biyu a ƙarƙashinsa. In ba ka yarda da abin da na rubuta ba, bakinka ciwo yake da ba za ka tambaye ni ba? Shekara shida kana ɓoye mini kamar wata kyauta. Wannan girman kan naka na magina, wai ba mai gaya muku yadda ake ciko, shi ya kai mu nan. Sannan ka ɗauki maganar lafiyar iyalinka ka kai teburin shayi.

Ga yadda abin yake, ka karanta a hankali. Dutsen yana sakin iskar nan dare da rana, tana ratsa daɓen laka kamar yadda ruwa ke tsatsafowa daga sabuwar randa. A fili ba ta taruwa. A ɗaki mai kaurin bango, mai rufaffen sama, taruwa take, mai kwana a ciki yana shaƙa. Ba yau take kayar da mutum ba, a hankali take cin huhu. Abin da aka samu a ɗakinka ya ninka abin da ake yarda da shi fiye da sau goma. Ga takardar masu awon nan na haɗo maka da hatiminsu, ka kai wa duk wanda ya iya Faransanci ya karanta maka, tunda ni maƙaryaciya ce.

Ranar da wannan ta same ka, ka fitar da kowa, ka sa kwaɗo a ɗakin har in zo. Kada ka sake aza tubali ɗaya a sababbin nan uku. Ka rubuto mini sunayen masu ɗakuna ashirin da biyun, da yawan mutanen da ke kwana a kowanne. Dole in sanar da hukumar lafiya, kuma dole in faɗi abin da aka zuba da wanda ya zuba.

Tarin Hansai tun yaushe? Tana rama? Ka amsa mini wannan kafin komai.

Mina

*

Yamai, 16 ga Maris, 1992

Yaya Kalilu,

Assalamu alaikum. Ina fata ana lafiya, ya azumi? Wata biyu ke nan ba amsa. An ce an tare motoci tsakanin Agadas da Arlit, yanzu ba mai wucewa sai cikin ayari da rakiyar soja, Illi ma ban san inda yake ba. In hanya ce ta riƙe takardata, Allah Ya buɗe ta. In kuwa ta same ka ka yi shiru don ka nuna mini kai namiji ne, to ka sani ba ni kake hukuntawa ba. Ka zage ni yadda kake so, amma ka zage ni daga tsakar gida. Kun fita ko ba ku fita ba? Kalma ɗaya ta ishe ni.

Mina

*

Akokan, 27 ga Afrilu, 1992

Zuwa ga Dokta Mina.

Wa'alaikumus salam. Mun yi salla lafiya. Takardunki biyu tare suka zo shekaranjiya waccan, motar Illi ta yi wata uku a Agadas ba taya ba hanya, ta biyun a can ta tarar da shi. Inna Gaji na nan da ƙafarta. Hansai ba lafiya. Tarin bai tafi da sanyi ba, ta rame har zobenta na zamewa, sau biyu na ga jini a tsumman da take ɓoyewa. Likitan gari ya ba ta ƙwayoyin tarin fuka, ba su yi komai ba. Kin tambaya, ga amsa.

Yanzu saura ni da ke. Girman kan magina, ko? Ki faɗi wanda ya zuba, ko? Na gane. Littafi zai fito da hoton ɗakina, in an yaba a ce Dokta ce ta zana, in ya ɓaci a ce jahilin magini ne bai bi takarda ba. To bari in tambaye ki. Wa ya yi bango mai kaurin kamu biyu? Wa ya ce taga ɗaya tak, kada ta wuce faɗin faifai, don kada zafi ya shigo? Ni na ce miki ɗakin zai yi kama da rumbu, kika ce ai sanyin rumbu kike nema. Kin zo garin da kowa ke ciko da dutsen rami, kin yi kwanaki kina auna zafin bango da ƙaramin gilashinki, ko sau ɗaya ba ki buɗe baki kin ce kada a taɓa dutsen can ba. Layi biyu kika ja a ƙarƙashin yashi. Da kin rubuta mini dalili rabin layi, da ya fi.

Ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Ban iya Faransanci ba, amma na shekara goma sha ɗaya ina karɓar takardar albashi, na san inda ake sa kwanan wata. Takardar masu awon nan da kika haɗo, a samanta an buga 9-8-91. Taki ta farko, mai zancen kunnuwana, 14 ga watan goma. Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa da tsakuwa. Kwana sittin da shida, Mina. Lokacin hanya a buɗe take, Illi na zuwa duk mako biyu. Kwana sittin da shida takardar na kan teburinki, Hansai na kwana kan dutsen. Me kike jira?

Da kika tashi rubutawa kuma, sai kika naɗe maganar cikin wasa. Kin fi kowa sanin tsakanina da ke ba a taɓa faɗin gaskiya da wannan muryar ba. Da Inna Gaji kika aika wa layi ɗaya, da a ranar ta zo da sandarta ta kore mu waje. Kin san hanyar da za a yarda da ke, kika bi wadda ba za a yarda ba. Ni ba dokta ba ne, amma ba a yi mini wannan in kasa ganewa.

Yara na kai su wurin Inna Gaji jiya. Hansai ta ƙi fita. Ta ce a wannan zafin da ko jaki ke neman inuwa, ɗakin nan ne kaɗai abin da take da shi a garin nan, ba za ta bar shi don gwangwani ba. Ban sa kwaɗo ba, ba kuma zan sa ba, ɗakina ne. Masu sababbin gini uku sun janye da kansu, maganar da na karanta a wurin shayi ta zaga gari, yanzu ba mai dariya. Sunayen mutane kuwa ba zan ba ki ba. Ba zan miƙa maƙwabtana ki mai da su lamba a takarda ba.

Kalilu

*

Yamai, 20 ga Yuni, 1992

Yaya Kalilu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Hansai? Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne. Na taso a watan jiya, na kai Agadas, na yi kwana goma sha ɗaya a gidan wata ɗalibata ina jiran ayari. Da ya tashi aka ce manyan motocin kaya kaɗai za su bi. Na roƙi direbobi har na ji kunyar kaina, ba wanda ya yarda ya ɗauki mace. Haka na juyo.

Ƙirgarka daidai ce. Kwana sittin da shida ne, ni ma na ƙirga su tun kafin kai. Takardar ta zo mini mako ɗaya bayan na miƙa littafin. Na buɗe, na gani, na sa ta cikin aljihun tebur na murɗa makulli. Na ce wa kaina kuskuren awo ne, gwangwani ɗaya ne cikin talatin. Shekara tara na yi ina wannan aiki, maza na ce mini ginin laka aikin ƙauye ne ba na jami'a ba, sai ga shi an fara gayyatata taro ana tashi tsaye in na shigo. Tsoro na ji, ba wani abu ba. Da na kasa barci sai na rubuta maka da muryar wasa, don in ce wa raina ai na faɗa, kai kuma kada ka ta da ƙura kafin watan Yuni. Na san ba za ka yarda ba. Ka gano ni, ba ni da abin karewa.

Batun taga ma gaskiyarka ne. Zafi kawai na auna. Na zo garin ma'adinai da tunanin ginin Damagaram, ban tambayi abin da ke ƙarƙashin ƙafata ba. Amma kada ka ɗauka wannan ya wanke ka. Ni na rufe tukunyar, kai ka zuba abin da ke ciki, ka kuma liƙe 'yan ƙofofin da na bari. Ina jin haushinka har yanzu, ba zan ɓoye ba.

Na karɓo littafin daga masu bugawa. Wani babban malami a sashenmu ya kira ni ofis ya ce in mai da shi, in bar lambar awon ɗakinka a waje kawai, ba wanda zai je Akokan ya duba. Na ƙi. Kwamiti ya zauna ranar Talata, sunana ba ya ciki. Ba don ka tausaya mini na faɗa ba, na san ba za ka yi ba. Don ka san ba sauran abin da nake karewa, in na ce a fita, fita kawai nake nufi.

Na san tambayar da ba ka rubuta ba. Ko ɗakin ne ya sa wa Hansai ciwo? Wallahi ban sani ba. Shekara bakwai kaɗan ne ga irin wannan cuta, garin kuma cike yake da abin da ke sa tari. Ba zan iya ce maka shi ne ba, ba zan iya ce maka ba shi ba ne. Abin da na sani, huhun da ya riga ya raunana bai kamata ya ƙara kwana ɗaya a wurin ba. Ka karanta mata wannan: Hansai, don girman Allah ki fito. Ni ce Mina da kika yi wa kitso a ƙofar ɗakin nan, ban taɓa yi miki wasa ba, ba taubashiyarki ba ce ni. In hanya ta buɗe a kawo ki Yamai a ɗauki hoton ƙirjinki, ɗakina na nan.

Ɗakin yana gyaruwa. A haƙe daɓen har a tarar da ƙasar asali, a jiƙa dutsen kafin a kwasa, mai aikin ya ɗaure hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle, a mai da shi bayan gari nesa da rijiya. A fasa manyan tagogi biyu suna kallon juna. Zai rage sanyi, amma za a zauna lafiya. Ka riƙe sunayen tunda ba ka yarda da ni ba, amma mutanen nan suna da haƙƙin su sani.

Mina

*

Akokan, 12 ga Satumba, 1992

Mina,

Assalamu alaikum. Yara suna lafiya, suna wurin Inna Gaji. Hansai ta rasu ranar Juma'a, bakwai ga watan takwas, bayan la'asar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi mata sutura kafin magariba, mutane sun taru fiye da yadda na zata a garin da ya watse.

Takardarki ta zo ƙarshen watan bakwai. Na karanta mata wurin da kika ce in karanta. Ta ce tunda Mina ta haɗa ta da Allah, a fitar da ita. Na kafa rumfa a tsakar gida da tabarmi biyu da buhunan siminti, na ɗauko ta da hannuna, ba ta fi nauyin kwandon laka ba. Kin san zafin garin nan. Ina jiƙa zane in rufa mata, kafin in gama alwala ya bushe. Ruwan randa kamar an ɗora a wuta. Kwana tara ta yi a rumfar nan ba ta yi ƙorafi ba, sai dai idonta kullum yana kan ƙofar ɗakin.

Rana ta goma da azahar ta kama hannun rigata ta ce, "Malam, in ɗakin nan ne ya ci ni, ai ya riga ya ci. Ka mai da ni in sha sanyi."

Na san abin da kika rubuta. Na san lambar da ke takardar masu hatimi. Na ɗauke ta na mai da ita ciki, na kwantar da ita kan daɓen da na daɓe da hannuna. Ta ja numfashi ta ce alhamdu lillahi, ta yi barcin da ba ta yi ba tun da na fitar da ita. Kwana uku ta ƙara. Kada ki gaya mini ko daidai na yi ko kuskure, ba tambayarki nake ba.

Ban yafe miki kwanakinki ba, kada ki sa rai yanzu. Amma na zauna na ƙirga nawa. Daga ranar da na yi dariya a wurin shayi zuwa ranar da na kai yara wurin Inna Gaji, sun ninka naki. Ba ni da bakin zaginki, ke ma ba ki da na zagina. Haushin dai yana nan, ban san inda zan ajiye shi ba.

Kin ce ɗakin yana gyaruwa. Wataƙila na wasu. Bayan sadakar bakwai na hau kubbar da diga na fasa ta daga tsakiya. Da kyau na gina ta, sai da ta ci mini yini biyu. Dutsen na jiƙa shi kamar yadda kika ce, amalanke goma sha tara na kai bayan gari.

Daga nan na fara bin gidajen. Na shiga biyar. Mutum ɗaya ya saurare ni ya fitar da iyalinsa. Ɗaya ya ce baƙin ciki ne ya taɓa mini kai, ya yi mini addu'a. Biyu sun ce in na san haka ne me ya sa na gina musu, suka rufe ƙofa. Na biyar ɗin tsohon abokin aikina ne a rami, matarsa ta haihu kwana ashirin da suka wuce, tana wankan jego a cikin ɗakin, jaririyar na kwance a ƙasa kan tabarma. Ya ce mini, "Kalilu, kai da bakinka ka karanta mana takardar nan kana dariya, ka ce wasan taubasai ne. Yau kuma ka ce gaskiya ce. Wanne zan ɗauka?" Na fito daga zaurensa na kama hanyar gida.

Maganata ba ta da nauyi a garin nan yanzu, ni na kashe ta. Taki kuma a takarda ba ta da nauyi, ke kika kashe ta. Illi ya ce ayari zai taso daga Agadas farkon watan goma, ya yarda ya ɗauke ki a gaban motarsa, in an tambaya ya ce ƙanwarsa ce. Ki taho da gwangwanayenki, duk wanda kike da shi.

Kada ki aiko mini da ta'aziyya a ambulan, ba zan buɗe ba. In za ki yi mini gaisuwar Hansai, ki zo ki bi ni ƙofa ashirin da biyu da ƙafarki. A kowace ƙofa ni zan ce ni na zuba, ke ki ce ke kika zana. Da gidan mai jegon za mu fara.

Kalilu